Corolla 2015 ta fara rawa bayan an canza mata man giya: in sayi wani giyabos ko in dakata?

Baban Ilham, Hotoro:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san harkar giya ya daure ya karanta har ƙarshe, maganar tana da ɗan tsawo.

Ina da Corolla LE ƙirar 2015, 'yar Amurka. Shekara biyu da rabi ke nan da na saye ta, kuɗin adashi ne da na wani ɗan fili da na sayar a hanyar Gezawa na haɗa. Ni malamin makaranta ne, kullum sai na je Wudil na dawo, kuma duk Litinin ɗin farkon wata ni ke zuwa Birnin Kudu in ɗauko Hajiyarmu in kawo ta asibitin Malam Aminu Kano wajen likita. Motar nan ita ce ƙafata. Tun da na saye ta ba ta taɓa kwanar da ni a hanya ba, ban da baƙin mai da fulogi da fad ɗin birki ban taɓa canza mata komai ba.

Wata guda da ya wuce na yi mata abu biyu a cikin mako ɗaya, kuma tun daga nan ban sake samun kwanciyar hankali ba.

Na farko sauti ne. Sifika ɗaya ta baya ta yage, in na kunna tafsiri a hanya sai ta riƙa ziza, ba na jin rabin abin da malam ke faɗa. Ƙanina ya ce in bari ya kai ni wurin wani abokinsa a gyara gaba ɗaya. Muka je, yaron ya cire rediyon da motar ta zo da shi ya sa babban allo na Android, ya sa amfilifaya a ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, ya ajiye akwatin wufa a but. A jikin kwalin amfilifayar an rubuta 3000W da manyan baƙaƙe. Sautin kam ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma tun a ranar maɓallan da ke jikin sitiyari suka daina aiki, ya ce wai haka abin yake.

Bayan kwana uku na je gareji canjin baƙin mai. Bakaniken ya tambaye ni yaushe rabona da canza man giya, na ce ban taɓa ba. Ya leƙa mita ya ga ta haura mil 118,000, ya ce wannan ganganci ne. Na yarda da shi, domin shekara shida muna tare tun tsohuwar motata. Ya aiki yaronsa ya sayo galan na jan mai. Ina tsaye ya buɗe bonet yana laluben sandar awon man giya, bai same ta ba, ya ce ai sababbin nan ba su da sanda. Sai ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar gaba ta ɓangaren direba, ya tsiyaye man ta ƙasa, ya kwance wani noti a gefen giyabos ya zura tiyo, ya yi ta ɗurawa har sai da man ya fara dawowa ta wurin. Inji a kashe aka yi duk wannan. Ragowar galan ɗin tana but ɗina yanzu, an rubuta ATF Dexron III a jiki.

Ga abin da take yi min. In na tashi daga danja, tsakanin gudun 20 zuwa 40, sai ta ɗauki karkarwa kamar na hau kwalta mai gargada, in ta wuce nan sai ta lafa. In ina hawan gadar Dangi injin ya yi ta ihu, allurar juyin inji ta haura 3,000, amma motar tana jan jiki kamar an riƙe ta ta baya. Akwai wani siririn kuka kamar fito da ke fitowa daga gaba, yana ƙaruwa in na taka totur. Sau biyu ta ƙi tashi da safe sai da maƙwabcina ya haɗa min da batirinsa. Da daddare in wufa ta buga, fitilun gaba suna dusashewa su dawo. Wutar cek ta kama, ta birki, wato ABS, ma ta kama.

Na koma gareji, bakaniken ya zaga da ita ya dawo ya ce giyabos ya tafi, dama can yana kan hanya. Ya ce ko dai a nemo wani ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, wanda ya ƙiyasta min naira 850,000 har da aiki, ko kuma a cire wannan a dasa mata irin na tsohuwar Corolla mai giya huɗu, wai ya fi ƙwari. Da na yi masa maganar batir ya ce wannan aikin mai sauti ne. Mai sauti kuma ya ce shi bai taɓa giya ba. Kowa ya tura wa ɗan'uwansa, ni aka bari a tsakiya.

Wannan kuɗi ba ni da shi sai dai in ci bashi. Shin giyabos ɗin ya mutu da gaske, ko akwai abin da za a gwada tukuna? Wayoyin sauti suna iya sa giya ta yi haka? Kuma dashen da yake magana a kai, akwai wanda ya taɓa yi ya ji daɗi? Saura kwana goma sha ɗaya ranar asibitin Hajiya.

Oga Mai Giyabos, Kaduna:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri a kan hidimar da kake yi mata.

Shekarata 26 ina kwance giyabos. Kafin komai: ka ajiye motar nan. Gobe ka hau ta haya zuwa Wudil. Duk kilomitar da ka ƙara a wannan hali tana iya zama ita ce za ta raba ka da 850,000 ɗin nan.

Ka je ka dubi gefen hannun giyarka. In ka ga P R N D S B, to motarka CVT ce, kuma LE ta 2015 haka take zuwa. Ƙaramar cikinsu, wadda ake kira L, ita ce ta zo da tsohon giya mai hawa huɗu, a tata za ka ga 3, 2 da L a ƙasan D. CVT ba ta da giya ɗaya, biyu, uku kamar yadda muka saba. Fuli biyu ne a ciki, kowanne kamar mazurari biyu da suka fuskanci juna, sai bel na ƙarfe a tsakaninsu. Bel ɗin ba roba ba ne, ɗaruruwan 'yan siraran ƙarafa ne aka jera a kan zoben ƙarfe. Ƙarfin mai ne ke matse fuli ɗaya ya saki ɗayan, bel ya hau sama a nan ya sauka a can, shi ne canjin giyar. Saboda haka man CVT aiki biyu masu karo da juna yake yi: ya sa santsi a boris, kuma ya bar ƙarfe ya kama ƙarfe ba tare da zamewa ba. Dexron ba don wannan aka yi shi ba, don giya mai faiba aka yi shi. Ihun da injinka ke yi a kan gada motar ba ta tafiya, alama ce ta bel yana sulɓewa. Duk sulɓewa ɗaya kuwa yana karce fuskar fuli, kuma fuli in ya karce babu man da zai goge shi.

Kuskure na biyu shi ne awo. Wannan notin na gefe na ɗurawa ne kawai, ba a cika shi har ya dawo. A cikin ramin tsiyayewa na ƙasa akwai wani ɗan bututu, shi ne ma'auni. Mota tana daidai ba a karkace a kan jak ba, inji yana aiki, zafin man yana tsakanin digiri 35 zuwa 45 a kwamfuta, sai a buɗe ƙasa a bar rarar ta zube har ta koma ɗiga. Yadda aka yi maka, man ya yi yawa, kuma in ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta matse fuli. A garinku lokacin bazara iskar kanta tana kai 40, don haka wannan aiki da sassafe ake yin sa, motar ta kwana a garejin.

Abin da ya ba ni fata shi ne, giyabos ɗin yana cin sama da lita 7, amma in an tsiyaye ta ƙasa kaɗan ne ke fita, mafi yawa yana maƙale a cikin konbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, da sauran lunguna. Wato har yanzu akwai man asali a ciki, gauraye ne. Ga abin da zan yi da a gabana take. A sauke farantin ƙasa a dubi maganaɗisun da ke manne a ciki. In baƙin laushi ne kamar kwalli, wannan cin yau da kullum ne, babu komai. In kuwa ka ga tsinke-tsinke masu ƙyalli suna tsaye kamar gashin bushiya, to an yi ɓarna. Ka sa yatsanka da kanka ka murza, kada ka tsaya a ba ka labari. In an tsira, a wanke farantin, a duba rariyar, a zuba Toyota CVT Fluid FE, wanda ke zuwa a gwangwanin ƙarfe mai lita 4. A yi 'yar tafiya, a sake tsiyayewa a sake zubawa, har sau uku. Kada ka yarda a wanke cikinsa da fetur, kuma kada wani ya ce maka launin mai ne shaida. Rubutun jikin gwangwani ne shaida, shi ma ka duba hatimin bakinsa, jabu ya yi yawa.

Dashen giya huɗu kuwa, ana yi, na gani. Amma ba giyabos kaɗai ake canzawa ba, sai an taɓa birenbos, wato kwamfutar motar, da wayoyin inji, da hannun giya. Waɗanda suka zo hannuna bayan an yi musu, mafi yawa wutar cek ba ta sake mutuwa ba, shan mai ya ƙaru, kuma ranar sayarwa dila yana buɗe bonet zai karya kuɗin. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Wani abu kuma: a 2018 kamfanin Toyota a Amurka ya kira masu Corolla mai CVT ta 2014 zuwa 2017 su kai a sabunta manhajar da ke sarrafa giyar. Ka ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka sa a shafinsu ka gani ko an yi wa taka kafin ta baro can.

Ɗan Rewaya, Sabon Gari:

Baba Mai Giyabos ya gama magana a kan giya, Allah ya ƙara girma. Ni zan taɓa ɓangarena. Yallaɓai, ciwo biyu ne a jikin motarka, sun haɗu ne a mako ɗaya shi ya sa suka rikita ka. Waya ba ta sa bel ya sulɓe. Amma mutuwar batir, da fitilu masu dusashewa, da wutar ABS, duk ina zargin aikin sautin ne, wataƙila har da wutar cek ɗin.

Ka manta da 3000W na jikin kwali, wannan talla ce. Ka juya amfilifayar ka dubi fis ɗin da ke jikinta. In guda biyu ne masu lamba 20, amfiya 40 ke nan, ka ninka da volt 14, bai kai wat 600 ba, kuma wani kaso daga ciki zafi yake zama. To amma amfiya 40 ɗin ma ba wasa ba ce, domin altanetar irin motarka wajen amfiya 100 take bayarwa, a ciki za a ci fitila da fankar lagireto da AC, ga sitiyarin motar ma na lantarki ne. In kana tsaye a gosulo inji yana salo, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta, sai batir ya riƙa cikawa daga jikinsa.

Ka buɗe bonet ka bi jar wayar da ta tashi daga kan batir zuwa amfilifaya. Dole a samu fis a kanta dab da batir, kada ya wuce kamu ɗaya. In babu, wallahi ka cire wayar yau ɗin nan, domin ranar da ta goge a jikin ƙarfe inda ta ratsa zuwa cikin mota, gobara ce, kuma a ƙarƙashin kafet take bi inda yara ke zama. Na ga mota ta ƙone ƙurmus a kan wannan. Ka kuma karce bakin wayar da wuƙa. In cikinta ya yi fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, tana zafi kuma tana cinye wuta a hanya. Sai baƙar wayar da ake ɗaurawa a jikin bodi: gajeriya ake so, a kankare fenti sai ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da noti. Yara da yawa a kan fenti suke ɗaurawa, ko a jikin ƙafar kujera.

Mutuwar batir da safe kuwa, akwai wata siririyar waya, yawanci shuɗiya, ita ke gaya wa amfilifaya ta tashi ko ta kwanta. Daga bayan rediyo ya kamata ta fito. In mai sautin ya yi ganda ya haɗa ta da wuta mai zama kullum, amfilifayar ba ta barci ko ka zare makulli. Gwaji mai sauƙi: ka kashe mota da daddare ka leƙa ƙarƙashin kujera, in ka ga 'yar wuta tana ci, ka kama ɓarawon. Da mita kuma, batir mai lafiya da ya huta 12.6 yake nunawa, in inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Motar da aka kashe ta yi barci bai kamata ta ja sama da miliamfiya 50 ba.

Maɓallan sitiyari da suka mutu, ba haka abin yake ba. Akwai soket da ake sayarwa wanda ke shiga na motar kai tsaye ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba. Da alama ya datse soket ɗin asali ya murɗa wayoyi ya naɗe da salatif.

In an sa kwamfuta ka rubuta lambobin da hannunka kafin a goge. P0560 ko C1241 maganar wuta ce. P0300 zuwa P0304 fulogi ne ko kwayil. Waɗanda suka fara da P07 ko P27 su ne na giya.

Maman Sadiq, Unguwar Rimi:

Malam, ka ji maganar bayin Allahn nan, kada ka yi gaggawa irin tawa. Ina da Accord 2013, ita ma CVT ce, nata man HCF-2 ake ce masa. Shekaran bara ta fara fizga in na taka totur, wani bakanike ya ce giya ce. Maigidana ba ya gari, ni kuma ga kai yara makaranta ga wurin aiki, na sayar da awarwarona biyu aka sayo giyabos aka ɗora. Muka fito daga garejin, ban kai shataletale na biyu ba ta sake fizga. Ashe kwayil ɗaya ne ya mutu. Lafiyayyen giyabos ɗina kuwa ko da na koma nema an ce an riga an kai Panteka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun daga nan na sayi 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari tana haɗuwa da waya, ba ta kai kuɗin cika tanki ba. Kafin in shiga kowane gareji na riga na san lambar da motata ta nuna.

In ta kama dole sai ka sayi wani, ka je da kanka, kada ka ba da saƙo. A rubuta takarda da shaidu biyu cewa in bai yi ba cikin kwana kaza za a canza ko a dawo da kuɗi, kuma kwanakin su fara daga ranar da aka ɗora, ba ranar da aka biya ba. Ka sa alama da fenti a jikinsa. Naka tsohon kuma a sa maka a but ka tafi da shi gida.

Direban Sharon, tashar Ƙofar Ruwa:

Allah ya kiyaye gaba, Malam. Ni shekara 19 ina Kano zuwa Katsina, wani lokaci har Maraɗi, ban taɓa riƙe otomatik ba. Kulocina in ya ƙare, a Tsanyawa ma zan samu wanda zai canza min faranti in kama hanya kafin la'asar. Batir in ya mutu fasinja biyu su tura ni in tashi. Taka kuwa ba a tura ta, kuma in za a ja ta kada ka bari a ja da igiya tayoyin gaba suna ƙasa, a ɗora ta a kan mota. Can Nijar yawancin motocin daga Turai suke shigowa, masu giyar hannu ne, shi ya sa ba ka cika jin irin wannan kuka a wurinsu ba. In Allah ya hore maka wata nan gaba, ga mai bin hanyar Birnin Kudu, ka yi tunani a kai.

Amma maganar bakanikenka, shekara shida ba kwana shida ba ce. Kada ka je da faɗa. Kowane gareji yana da shugaba, ka ɗauki ragowar galan ɗin ka kai gabansa, a kira shi a zauna. Wanda ya zuba man da ba shi ba, ya kamata ya ɗauki wani abu daga kuɗin gyara.

Baban Ilham, Hotoro:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana tara ne don ina so in dawo da abin da na gani da idona.

A daren da na karanta amsoshinku na ɗauki tocila na fita. Hannun giya P R N D S B ne, kamar yadda Oga ya faɗa. Na leƙa ƙarƙashin kujera, makulli yana aljihuna, ga 'yar shuɗiyar wuta tana ci abinta, na taɓa amfilifayar na ji ta da ɗumi. Na buɗe bonet na bi jar wayar tun daga batir har inda ta shige, babu fis ko ɗaya. Kan batir ɗin ma da aka cusa wayar a ciki, da hannu na juya shi. Inda wayar ta ratsa ƙarfe babu roba, har bawonta ya fara cinyewa. Na daɗe a tsugune a wurin, domin kujerar da wayar ta bi ta ƙarƙashinta nan Hajiya take zama. A take na nemo sifana na kwance ta.

Washegari aka ɗora motar zuwa wurin wani mai kwamfuta da abokin aikina ya haɗa ni da shi. Lamba biyu ta nuna, P0560 da C1241, babu ta giya ko ɗaya. Aka sauke farantin ina tsaye. Man ya fito da kumfa, kuma da ya auna rarar da aka ɗura ta fi lita guda. Na sa yatsa a maganaɗisun kamar yadda aka ce. Mafi yawa baƙin laushi ne, amma a ɗaya daga ciki na ga 'yan ƙyalli-ƙyalli ƙanana, ba su kai tsinke ba, kamar garin da ke zuba in ana wasa wuƙa. Mai gyaran ya ce an fara taɓawa amma bai ga alamar ta yi nisa ba. Gwangwani biyu na FE muka saya, aka yi zubi uku a cikin kwana uku, na ƙarshen da ƙarfe bakwai na safe, kwamfuta tana nuna 38.

Karkarwar tashi daga danja ta tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba in motar ta yi sanyi. Jiya na hau gadar Dangi sau biyu da gangan, allura ba ta wuce 2,500 ba kuma motar tana tafiya tare da injin. Wutar cek da ta ABS ba su dawo ba. Fiton nan dai yana nan, ya ragu sosai, sai na kashe AC na saurara nake jin sa, amma yana nan.

Rewaya ya sake aikin sautin daga farko da wayar jan ƙarfe da fis, ya sa soket, maɓallan sitiyari sun dawo. Wufar na ce a cire, ƙanina ya ɗauka, sifiku huɗu sun ishe ni jin karatu. Batir ɗin dai bai tsira ba, ya ƙi riƙe caji, sai da na sayi sabo.

Na bi shawarar Direba na kai galan ɗin wurin shugaban garejin. Bakaniken bai yi musu ba, ya ce shi bai taɓa buɗe irin wannan giyar ba, ya ɗauka duk otomatik ɗaya ne. Ya biya kuɗin gwangwani ɗaya, na karɓa, muka yi musabaha. Lambar shasin kuma na duba, an yi mata sabuntawar tun tana can.

Oga, saura tambaya ɗaya. Jibi ne zuwa Birnin Kudu, tafiyar ta haura kilomita 120 kafin a dawo, ga zafin rana. Da wannan ɗan fiton da ya rage, in je da ita a hankali ko in nemi aron mota a wannan karon?

Oga Mai Giyabos, Kaduna:

Alhamdu lillahi, Malam. Ka je da ita. Ka fita bayan asuba, kada ka wuce gudun kilomita 90 a awa, kada ka fizgi totur wajen wuce tirela, ka bar ta ta ɗauka da kanta. In ka isa ka bar ta ta huce kafin ku juyo. In ka ji fiton ya ƙaru ko allura ta fara tashi ba tare da gudu ya ƙaru ba, ka tsaya a inda kake, kada ka ce bari in lallaɓa. Bayan kilomita 1,000 ka koma a sake sauke farantin, ka ɗauki hoton maganaɗisun ka turo nan in gani. Ka gaida Hajiya.